Yadda Walƙiya Take Magana

Ranar da Auta ta fara shiga sutudiyon, rungume da littafinta ta shiga, sai ka ce wani zai ƙwace mata. Shekara uku ta yi tana zana shi a ƙaramin teburin ɗakinta, labarin jarumai biyar masu ƙarfin ban mamaki da ke tsare garinsu. Yanzu ga shi za a mayar da shi fim ɗin katun.

Darakta ya ce ta gabatar da kanta. Nan fa ake yin ta. Auta tana da in'ina tun tana ƙarama. Kafin kalma ta fito sai ta rufe ido, ta danne babban yatsa cikin tafin hannu, leɓenta na ƙasa ya ɗan yi rawa.

"Ni ce m... m..."

"Marubuciya," in ji Mai Murya, wanda zai yi muryar shugaban jaruman. Har da murmushinsa, shi a dole ya yi taimako.

Da aka tashi, wani dogon saurayi ya tsaya kusa da ita. Fensir ake ce masa, domin kullum akwai ɗaya a bayan kunnensa. Shi aka ba wa Walƙiya, ƙaramar jaruman, ya zana motsinta a fim ɗin.

"An katse ki ɗazu," ya ce. "Me kika so ki ce?"

Ta yi ta fama da kalmar. Bai kalli agogo ba, bai kalli ƙasa ba, ita kawai yake kallo.

"Mai zane," ta ce daga ƙarshe.

"Na yi zato. Ga tawada nan a hannun rigarki."

To, daga nan dai abu ya kankama. A saƙon waya Auta ba ta da in'ina, bakinta har ya fi nasa. Wata rana ya rubuto mata:

"Tauraruwata, yau awa shida ina koya wa Walƙiya juya kai. Har yanzu wuyanta kamar na kaza. Ki zo ki yi mata faɗa, ke kika haife ta."

"Ba laifin 'yata ba ne. Malamin ne hankalinsa ke wani wuri."

"Gaskiya ne. Yana wajenki, kuma ya ƙi dawowa."

A gida kuwa ba a yi murna ba. Abba, tsohon mai gyaran agogo, cewa ya yi ƙato da gemu ba ya wuni yana wasan yara sannan ya ce aure yake nema. Umma ta fi son Mai Murya, wanda shi ma ya fara zarya, ga ƙamshi ga iya gaisuwa. Amma Abba ba ya iya ganin ran Auta a ɓace. Shi ne mutumin da ya taɓa rufe shago da rana tsaka ya je ya ɗauko ta daga aji, saboda yara suna kwaikwayon maganarta. Da ƙyar dai ya ce bayan fim ya fito yaron ya turo manyansa.

Sai aka saki tallan fim.

A falo suka kalla, dukansu, a talabijin. Ga Walƙiya a kan rufin bene, wuta na ci a bayanta. Za ta yi magana. Sai ta rufe ido, ta danne babban yatsa cikin tafin hannu, leɓenta ya ɗan yi rawa.

"Kai!" in ji Yaya, babban wanta. "Wannan ai Auta ce!"

Babu wanda ya yi dariya. Auta ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. A littafinta Walƙiya sarkin surutu ce, babu inda ta zana mata haka.

Abba ya kashe talabijin. "Abin da na shekara ashirin ina kare ki daga shi, ya ɗauka ya saka a wayar kowa. Kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Kwana biyu ba a yi ba, wasu marasa aikin yi suka yanko wurin suna yaɗawa da dariya. Mai Murya ya kira, wai jaje. "Kowa a sutudiyo ya lura tuntuni," ya ce. "Ni dai tausayinki ya hana ni faɗa."

Ta rubuta wa Fensir, hawaye na ɗiga a kan wayar:

"Ashe duk lokacin da kake jira in gama magana, darasi kake ɗauka. Na gode. Kada ka sake nema na."

Ya amsa sau ɗaya tak:

"Wallahi ban sani ba. Mu masu wannan aiki, abin da ido ya fi kallo shi hannu ke zanawa. Sai da na gani a babban allo na gane ki. Ba uzuri nake kawowa ba, na cuce ki. Zan cire."

Mako uku ba ta amsa ba. Ta rame, ta daina zane, ta koma magana da ka da hannu kamar lokacin firamare. Haushinsa take ji, kewarsa kuma ta fi haushin ciwo.

Darakta ne ya kira ta, ransa a ɓace. Ya zaunar da ita a ɗakin kallo.

"Saurayinki ya haukace. Wuri arba'in da uku ya sake zanawa ba da izinina ba, saura wata ɗaya fim ya fito. Na gaya masa daga wannan fim mun rabu. Littafinki ne, ki zaɓa."

Ya kunna sabon. Walƙiya ta buɗe baki magana ta zubo sumul, kamar mai karanta labarai. Babu aibu, babu rai.

Ya kunna tsohon, cikakke, ba guntun talla ba. Bene na rushewa, Walƙiya kaɗai ta san hanyar fita. Ta rufe ido, ta danne yatsa. Sauran huɗun suka juyo. Babu wanda ya buɗe baki, babu wanda ya kawar da kai. Da ta faɗa, suka bi ta a guje.

Fensir yana tsaye a bakin ƙofa, duk ya zabge.

"Da ka t... tambaye ni," Auta ta ce masa.

"Da na tambaye ki."

"Ban huce ba."

"Na sani."

Ta juya ga Darakta. "A bar tsohon."

Saura Abba. Ta same shi a baranda yana kwance wani agogon bango. Ba ta aiki Umma ba, ba ta rubuta a takarda ba.

"Abba, ina s... s..."

"Kina son ki manta da shi. Na sani, 'yata."

"Abba, bari in gama."

Sukudirebar da yake aiki da ita ta tsaya a hannunsa. Bai taɓa lura cewa shi ma yana yi mata haka ba. Kusan minti ashirin ta yi tana magana, tana tsayawa, tana ci gaba. Ta ce ya yi laifi, kuma masu dariya ba za su daina ba. Ta ce ta gaji da ɓuya, kuma shi take so. Abba ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga.

Washegari ya sa aka kira Fensir. Ya zo ya durƙusa, ba aiki a hannu, ba fensir a kunne.

"Ka ɗauki fuskar 'yata ba ka tambayi kowa ba," in ji Abba. "Wannan karon sai ka tambaya."

"Abba, ina r... ro... roƙon..."

Tsoro ya sarƙe masa harshe, gumi har wuya. Auta tana bayan labule, ta toshe baki tana dariya tana kuka.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da ita, Abba ya riƙe hannunta ya daɗe bai saki ba.

"Na ba ka ita, ba don ba ka yi laifi ba," ya ce wa angon. "Don ita ta ce in ba ka, da bakinta. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Gidan duka ya amsa da amin.