Ƙulli Biyu a Bakin Ramin Kuza

Ni Turai ban taɓa zama a aji ba, kuma ban taɓa jin tsoron hanya ba. Ku saurara, don ba na maimaita magana.

Ranar yayen jikata Rufaida na je gidan ɗana Kamilu a Riruwai in ɗauko ta, kamar yadda aka saba. Uwarta Hussaina ta dama mata kunun dawa. Yarinya ta kau da kai. Ni ba na barin abinci ya lalace, na kafa kai na shanye.

"Kunun nan da ɗaci-ɗaci," na ce.

"Dawar kala ce, Iya. Daga masussuka na sharo."

"Kin tsince?"

Ta sunkuyar da kai. Ashe haka nan ta kai dawar inji.

Na goya Rufaida, na ɗaure majanyi ƙulli biyu, na zuba sauran kunun a jarka, na kama hanyar ƙauyenmu rana tana ja. Hanyar tana bi ta gefen tsohon ramin kuza, wanda ruwa ya cika, kore shar, babu wanda ya san zurfinsa.

Bakina ne ya fara bushewa. Na nemi yawu na rasa. Sai ƙarar gyare ta yi tsit, kamar an kife ta da ƙwarya. Ina jin warin laka da wani ƙauri mai kama da gashi a wuta.

Kararen dawa na gefen hanya suka juyo suna kallona. Kowanne da fuska.

Na zo yin ta'awizi, harshena ya ƙi juyawa.

Sai goyona ya yi nauyi. Nauyin turmi. Na ji numfashi mai zafi a ƙeyata, da muryar tsoho a hankali.

"Turai. Ba jikarki kika ɗauko ba."

Na duba ƙafafun da ke gefen cikina. Kofato ne, baƙi, da gashi.

"Sauke ni gida," in ji shi. "Ga ƙofa nan."

Gabana kuwa ga ƙofa a buɗe, an shimfiɗa koriyar tabarma.

Na kwance ƙulli na farko.

Na sa yatsa a na biyu.

Wani hannu ya damƙe tsintsiyar hannuna. Na ji warin nono da hayaƙin ruga.

"Inna, kada ki motsa," wata murya ta raɗa. "Yatsun ƙafarki a kan gaɓa suke."

Furera ce, Bafillatanar da ke kawo mana nono, tana komawa ruga. Ta ja ni baya, ta karɓi yarinyar. Na ce ta yar da shi, aljani ne. Ta haska idona da waya.

"Baƙin idonki ya cinye ido duka. Haka ɗan'uwana ya yi da ya sha zaƙami. Me kika ci?"

Na nuna jarka. Ta tuntsurar da ita a ƙasa.

Kwana biyu na yi a asibiti ina tsintar abin da babu a jikin bango. Da na dawo hayyacina, malamar asibiti ta nuna mini 'ya'yan zaƙami da aka tsinto a buhun Hussaina, ƙanana, masu faɗi, sun saje da dawa. Ta ce irin waɗannan abubuwa aikinsu juya ido da kunne da hanci, su nuna wa mutum abin da babu, shi kuwa ya rantse ya gani. Ta ce wasu samari da gangan suke sha.

Na ce, "A turo mini su, in kai su bakin ramin."

Ban musa aljanu ba, Alƙur'ani ya ambace su. Amma shekara sittin da biyu idona bai taɓa yi mini ƙarya ba sai ranar, kuma da hannuna na kwance ƙullin, ba wanda ya kama mini.

Yanzu ko mudu ɗaya ba ya zuwa inji a gidana sai ya bi ta faifaina, ƙwara-ƙwara. Hussaina ma haka, ba sai na yi magana ba. Zaƙamin bakin masussuka na sa Kamilu ya tumɓuke ya ƙone, amma kowace damina sai ya sake tsirowa.

Rufaida ta yi wayo, tana zuwa makaranta. Wani lokaci takan zo ta bayana ta rungume wuyana, numfashinta a ƙeyata.

Sai na duba ƙafafunta kafin in amsa.