Gishirin da Na Zuba a Kogin Kinolos

"Ku duba da kyau! Ga ta nan, ga bokitin a hannunta!"

Rosmini ta ɗaga wayarta sama tana zagaye ɗakin taron ƙauye, kowa na miƙa wuya. A tsakiya, a kan ganyen ayaba, matattun kifaye goma sha ɗaya ne a jere.

Ni ce a cikin hoton. Ni ce nake juye farin ruwa a kogi, har da dariyata.

"Gishiri ne, Baba..." na ce wa Maigari Gimbun. "Wallahi gishirin miya ne kawai!"

"A ina kika zuba shi, Suhana?"

Na sunkuyar da kai. "Ƙasa da jan allo."

Ɗakin ya ɗauki salati. Na saci kallon Jaimin, ɗan Maigari, yana jingine da bango. Idonsa na kan yatsun ƙafarsa. Ko tari bai yi ba.

"Kwana bakwai kada ƙafarki ta taɓa kogin nan," in ji Maigari. "Ran na bakwai za mu zauna. In jama'a sun ce ki tafi, sai ki kwashe ƙarafunanki."

Ni 'yar Semporna ce, a bakin teku aka yanke mini cibiya. Wata takwas da suka wuce jami'a ta turo ni duwatsun Ranau, in auna yawan ruwan da daji ke saki cikin Kogin Kinolos, don digirina na biyu. Aikin ba wuya a faɗe. Ka narka gishiri a bokiti, ka juye a kogi, na'ura a can ƙasa ta gaya maka yadda ruwa ya tsinka shi. Kullum can sama nake yi, cikin daji, inda babu ruwan kowa da ni sai matsattsaku.

Daga jan allon da aka kafa a bakin kogi zuwa gada kuwa tagal ne. Ƙauye ya rufe wurin, ba a kamun kifi, ba a zuba komai. Jaimin ne mai tsaronsa. Kifayen sun san takunsa, har tsotsar ƙafarsa suke yi.

Shi kaɗai ne ya taɓa hawowa ɗakina na katako ya tambaye ni ko na ci abinci. Ya sa mini suna 'Yar Teku. Da kaɗan-kaɗan ya zama shi ke riƙe mini sandar awo, ni kuma na zama ina sauraren takunsa kamar kifayen nan. Innarsa ta ce sam, ba za ta ba da ɗanta ga baƙuwar da za ta gama rubuce-rubucenta ta tafi ba, ga Rosmini 'yar maƙwabta a gida.

Ranar da abin ya faru, ambaliya ta cinye hanyar daji. Na tsaya ina cizon yatsa, don awon babban ruwa shi nake jira tun zuwana. Jaimin ya ce, "Zuba a nan mana, 'Yar Teku. Ni ne mai tsaro, wa zai gani?"

Shi ya narka gishirin da hannunsa. Amma a hoton Rosmini ko inuwarsa babu.

Kwanakin nan bakwai ban taɓa jin kaɗaici irinsu ba. Ruwa ya yi ta sauka, kogi na ruri a ƙasan tudu, ni kuwa ina zaune a bakin ƙofa da takalman roba a ƙafa, babu inda za ni. Mai kawo mini kayan lambu ta daina hawowa. In na sauka shago, sai hira ta mutu har in fita.

Ran na uku na hau dutsen da ake samun layin waya na kira Mama.

"Ki dawo gida, 'yata. Ruwa ne babu a Semporna da za ki je ki auna na mutane?"

Na yi dariya don kada ta ji kukana. Daga nan na kira malamata.

"Kilo biyu a wannan ambaliyar? Ko ɗanɗanonsa kifi ba zai ji ba," ta ce. "Buɗe bayanan na'urarki, ki nuna musu hujja."

Na buɗe. Ga shi ƙarara: awa shida bayan awona, laka ta turnuƙe kogin fiye da duk abin da na taɓa gani. Ƙasa ce ta zaftare a sama, laka ta shaƙe kifayen. Na rungume kwamfutar kamar ita ce 'yar'uwata.

Ran na biyar da hantsi na ji takun da na sani.

"'Yar Teku..."

"Suhana ne sunana."

"Haba masoyiyata, ki saurare ni. Shekara ashirin Baba ya yi yana tsare tagal ɗin nan. In aka ji ɗansa ne ya karya, da wane ido zai kalli mutane?"

"Ni fa? Ni ba ni da ido?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba zan tona ka ba, Yaya Jaimin, kwantar da hankalinka. Amma ka sani, duk kaɗaicin da na sha a dajin nan bai kai na ranar da kake tsaye a ɗaki ɗaya da ni ka yi shiru ba."

Ya ajiye shinkafar da ya ƙunso mini a ganye a kan matakala ya juya. Na bar ta a wurin har tururuwa suka same ta.

Ran na bakwai na shiga ɗakin taro da kwamfutata. A zanen awo na nuna musu layin gishiri, ɗan ƙarami. Na nuna musu layin laka, ya miƙe kamar bishiya. Na yi bayani dalla-dalla, har da lissafi, ina jin kaina ya dawo wuyana.

Ba wanda ya tafa. Inna Sarimah, mahaifiyar Jaimin, ta gyara zama.

"Kin gama, Malama?"

"Na gama, Inna."

"To laka ce. Mun sani. Tun washegari maza suka hau suka ga inda dutse ya zube. Kakanninmu ba su da wannan akwatin, amma sun san laka na kashe kifi."

Na daskare. "To... to me ya sa..."

"Wa ya ce miki kifi muke tuhumarki? Kin zuba abu a tagal ba ki tambayi kowa ba, kogi ya yi zafi. Wata takwas kina auna ruwanmu, kin san zurfinsa, kin san gudunsa. Gidan wa kika taɓa shiga kika ce, Inna, yaya ake yi a nan? Kina can sama ke kaɗai kamar mai takaba, muna ta jira ki sauko."

Maganar ta sauka a ƙirjina. Duk watannin nan ina cewa sun ƙi ni, ashe ni ce ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Na rufe kwamfutar. Na durƙusa a gabanta, hawaye na zuba.

"Inna, na yi kuskure. Yaya ake yi a nan?"

"Yanzu kika yi tambaya," in ji Maigari. "Sogit ake bayarwa, tarar sanyaya kogi. Kaza guda, a yanka a bakin kogi, kowa ya ci, ruwa ya huce. Kin zo da ita?"

Ban zo da komai ba sai layuka.

Sai ga kukan kaji daga ƙofa. Jaimin ne, wandonsa duk laka, kaza a kowace hammata.

"Ɗaya tata ce, Baba. Ɗaya tawa." Bai sauke ido ba. "Ni na ce ta zuba. Ni na narka gishirin. Ta rufa mini asiri kwana bakwai, ni kuma na bar ta ita kaɗai."

"Jaimin!" Inna ta dafe ƙirji.

Maigari ya daɗe yana kallon ɗansa. "Shekara guda ba kai ba tsaron tagal. Ajiye hular tsaron."

Ya cire ta ya ajiye a gaban mahaifinsa.

Inna ta juya a hankali. "Rosmini, 'yar albarka. Ashe kina wurin?"

"Inna, ni dai na ga..."

"Kin ga ana karya tagal, ba ki ce a bari ba, kika laɓe kina ɗaukar hoto, kika kuma yanke rabin hoton. Je ki kamo taki kazar. Mai ƙiba, ban da waccan gurguwar!"

Dariya ta fashe. Rosmini ta fita kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da azahar aka yanka kaji uku a bakin gada. Mata suka ja ni cikinsu, wata ta miƙo mini wuƙa, wata ta ce ashe 'yar jami'a ba ta iya fige kaza ba. Jaimin ya raɓo yana hura wuta.

"Kin yafe mini, 'Yar Teku?"

"Ban sani ba tukuna."

"Shekara guda ba ni da aikin yi. Ko kina neman mai riƙe sanda?"

Na kau da kai don kada ya ga murmushina.

Inna ta ɗanɗana romon ta yamutsa fuska. Ta kalli ɗanta, ta kalle ni, ta daɗe. Sannan ta ɗauko gwangwanin gishiri ta damƙa mini a hannu.

"Ungo, ke ce gwanar aunawa. Zuba mana, 'yata. Wannan karon ni na ba ki izini."