Bindigar da Ta Cije

Mai gidan haya ya ce a kwashe kayan Baba kafin ƙarshen wata, tunda mai ɗakin ya rasu. Ƙanena ya ce aiki ya yi masa yawa, kamar kullum. Ni ce na je, dab da magariba, don in ɗauko akwatin ƙarfensa.

Baba sojan ƙasa ne, ya yi yaƙi kafin a haife mu. Bai riƙe ranar haihuwar ko ɗayanmu ba, amma lambar bindigarsa sai da ya sa muka haddace: bakwai, huɗu, tara, biyu. Doguwa ce mai gindin katako, harsashi goma take ci, nauyinta ya bar masa kanta a kafaɗa. Yakan ba mu labarin abokinsa Dogo, wanda suka kwana rami ɗaya. Rago ne, in ji Baba, ba ya goge bindiga. Da aka kawo hari da asuba tasa ta cije, aka harbe shi yana jan kunama. In muka bar kwano da dauɗa, da labarin Dogo ake fara dukanmu. Na sha bulala saboda mutumin nan har na tsane shi, Baba kuwa ina ganin babu namiji kamarsa.

An yanke wutar ɗakin. Na kunna fitilar waya, na durƙusa ina jawo akwatin daga ƙarƙashin gado.

Sai wari ya buge ni. Man bindiga, da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Rabon garin da ruwa an kwana biyu.

Gadon ya yi ƙara, katifar ta lotsa.

Takalman soja biyu a gefen hannuna, laka na ɗiga daga jikinsu.

"Yana ina?" Muryar ƙasa-ƙasa take, kamar mai tsoron a jiyo shi daga waje.

"Ya rasu," na ce. Ban san yadda maganar ta fito ba.

"Ke 'yarsa ce?"

Na ɗaga kai. Saurayi ne, bai kai ɗana ba, kansa na neman taɓa silin alhali a zaune yake. Gaban kakinsa ya yi baƙi ƙirin. Bindiga na kan cinyarsa, duk tsatsa.

"Tasa na kawo masa, ya ba ni tawa. Haska nan, 'yata. Karanta."

Na haska. Bakwai. Huɗu. Tara. Biyu.

"Kullum sai na goge tawa," ya ce. "Shi ne ba ya gogewa. Ina barci ya musanya."

Bakin bindigar ya juyo a hankali, ya tsaya a goshina. Sanyinsa har cikin haƙorana.

Ƙas.

Ya sake jan kunama.

Ƙas.

"Kin gani?" Kamar zai yi kuka. "Haka ta yi mini. Tsaya in goge ta."

Ya ciro tsumma daga aljihu.

Ban tsaya ba. Na ci karo da ƙofa, na bar takalmi ɗaya, na faɗa titi. A bayana ina jin ƙarfe na gogar ƙarfe, a nitse, babu gaggawa. Ina gudu ina kuka, kuma ba duka na tsoro ba ne. Ƙazantar da ta kashe Dogo ita ce ta bar ni da rai, kuma ta ubana ce.

Akwatin ban koma ɗauka ba. Da na gaya wa ƙanena, cewa ya yi gajiya ce, in nemi magani.

Bana matarsa ta haifi namiji, ya sa masa sunan marigayi. Duk gidan "Baba" suke kiran yaron. Ranar da aka miƙo mini shi aka ce, "Yaya, ga Babanki ya dawo." Na karɓe shi, lafiyayye, ba ruwansa. Wata biyar ke nan, bakina ya kasa kiransa Baba.