Kofin Sa'a

Ranar kasuwar Tasawa Bilal ya fara ganin Raihana. Ya kawo cuku daga Urafane a bayan moto, wato babur, yana neman inuwa, sai ya tarar da ita a ƙofar gidansu da kofin ƙarfe soke a kan sanda, tana juya shi a hankali kamar mai gasa masara. Ya yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba, ya ɗauka jan aji ne.

Daga baya ta yi masa bayani. In an barbaɗa wa kofi garin ƙyalli, aka shafe shi da rezin, ruwan gam ɗin nan mai haske, ba a daina juyawa sai ya kama jikinsa, in ba haka ba ya zurare gefe guda. Tana da ɗan injin juyawa, amma kuran, wutar lantarki, ba shi da alkawari.

Tun daga ranar, duk kasuwa sai cukunsa ya nemi inuwar ƙofar nan. In ya koma gida sai saƙo ya biyo baya: “Mai Ƙyalli, na iso lafiya. Na tarar da ƙyallinki a hannun rigata, na hana a wanke.”

Ita kuma ta mayar: “Baƙona, bar shi nan. Shi ba ya fita, ni ma haka.”

Mahaifinta Malam Dauda bai so zancen ba. Ya ce makiyayi ƙafarsa ba ta zama, yau Urafane, gobe inda ruwa ya sauka. Ga Sabiru ɗan amininsa, mai shago a bakin tasha, wanda kullum an san inda yake. Raihana ba ta yi musu ba, amma ta rame.

Ana cikin haka Bilal ya kawo sabon kofi, ya ce a yi masa shuɗi, a sa suna. Ta tambaye shi wane suna. Bai faɗa ba, sai ya rubuta a waya ya miƙa mata. Ta karanta a fili: Sa'a. Ya sunkuyar da kai, ya ja rawaninsa ya rufe baki.

Zuciyarta ta yanke hukunci nan take. Wace mace ce namiji ke jin nauyin sunanta haka? Ta barbaɗa shuɗin, ta manna sunan, ta shafa rezin, tana cikin juyawa kuka ya ci ƙarfinta. Ta jingine sandar ta shige ɗaki. Kishi kumallon mata ne, kuma ba ya tsayawa tambaya.

Da ya dawo ta ajiye masa kofin a gaban mahaifinta. Rezin ya zuraro ya daskare a kan sunan, ya dushe shi. Ta ce ya kai wa Sa'ar tasa haka nan.

Bilal ya daɗe yana shafa wurin da yatsa.

“Wadda ta haihe ni ce,” in ji shi. “Ta rasu. Mu ba mu hwaɗin sunan uwa, balle wadda ta riga mu. Ƙanwata Nabila tana goye aka yi rashin. Tsoro nike ta girma ba ta taɓa jin shi ba, shi ya sa na ce ko gani ta riƙa yi.”

Raihana ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce a kankare a sake zubawa, ta hau aikin tana hawaye. Da ta gama shafawa kuran bai dawo ba. Bilal ya karɓi sandar ya zauna a zaure.

Tun bayan azahar yake juyawa. Abokan tafiyarsa suka tayar da babura suka bar shi. Da aka kira la'asar Malam Dauda da kansa ya riƙe masa sandar, Bilal ya yi salla, ya dawo ya ci gaba har rana ta yi ja. Tsohon yana gefe da tasbaha, yana kallonsa.

Da kofin ya kama, Malam Dauda ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

“Na ce ba ka zama,” ya ce. “Na gani. Turo manyanka.”

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure. Da aka kai amarya Urafane, Nabila ce ta tarbe ta da nono a cikin shuɗin kofin. Mahaifin Bilal, Abdurrahman, ya karɓa ya duba sunan, leɓunansa ba su motsa ba. Ya miƙa wa Raihana da hannu biyu.

“Sha, ɗiyata,” ya ce. “Allah shi ba ki zaman da mai sunan ga ta yi da ni.”

Aka shafa da amin. Raihana ta sha, ta miƙa wa Bilal sauran.