Takobin da Kogi Ya Tofar

A farkon sarautar Sarki Auta, cikin bazarar da kogi ya janye har yara na tsallaka shi da ƙafa, masunta suka tono wani takobi a yashin mashigi. Lanƙwasasshe ne irin na mahaya dawaki, kubensa ya ruɓe, babu tambarin maƙeri, babu alamar gidan kowa. Abin da na ji daga bakin tsofaffi shi zan faɗa, ko da zai yi wa zuriyar wani ɗaci.

A wannan mashigi ne aka karya rundunar Yarima, yayan Auta uwa ɗaya uba ɗaya, sa'ad da ya fita korar abokan gaban da suka yi wa birni ƙawanya. Ba a ga gawarsa ba. Baƙin ciki ya kwantar da mahaifinsu, bai tashi ba, masu zaɓe suka naɗa ƙanen. Rawani bai gama zama ba sai labari ya iso cewa Yarima na raye a tsallaken kogi yana jinyar rauni, barade kuma na sulalewa suna komawa wurinsa. Ko makaho ya ga yaƙin 'yan'uwa tafe.

Sarki yana da ɗakin da yake tara makaman mazan jiya, kowane takobi an san mai shi. Nan aka kai wannan, aka kira Sarkin Maƙera. Tsohon ya goge tsatsa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen ya saurari amonsa, ya daɗe yana shafa ƙotar.

"Allah ya ja zamaninka, ƙirar waje ce. Irinsa ayari ya kawo zamanin mahaifinka, aka raba wa barade da dama. Yarima ma ya samu ɗaya."

"To nasa ne?"

"Ranka ya daɗe, ƙarfe ba ya magana. A tambayi wanda ya san hannun mai shi."

Sai aka aika wa uwar sarki. Ta shigo, fada cike da jama'a, ba ta gaida kowa ba. Ta karɓi takobin. A jikin ƙotar akwai gurbin da babban yatsa ya cinye saboda yawan riƙo, kuma yatsan hannun dama ne. Yarima kuwa bahago ne tun yana rarrafe, ta sha dukan hannun nan a bakin akushi bai daina ba. Mutum uku ne suka riƙe takobin nan a fada, maƙeri da sarki da ita, duk ukun sun ga gurbin.

"Inna, duba da kyau," in ji sarki, idonsa a ƙasa.

"Takobi ka kira ni in duba, ko kabari ka kira ni in haƙa?"

Galadima ya ce, "Uwar ƙasa, mutane na jiran bakinki. In kin ce nasa ne, kowa zai koma gonarsa. In kin ce ba nasa ba ne, kafin shuka ta kai gwiwa za a ɗaura sirdi."

Ta dubi ɗan da ke kan gado, ta dubi ƙofar da ɗayan ya fita. Duk wanda ya ci yaƙin nan, ita ce za ta wanke gawa, tare da uwaye ba adadi. Ta ɗora takobin a cinyarta ta ce, "Na yayanka ne. Ku rataye." Ta kwance ɗankwalinta ta fasa kuka, kukan kuma ba na ƙarya ba ne.

Aka yi zaman makoki. Da labari ya tsallaka kogi, baraden Yarima suka watse, domin wa zai ba da ransa saboda mutumin da uwarsa ta karɓi gaisuwar mutuwarsa? Wasu ma suka ce ashe sojan gona suke bi. Ba a zare takobi ko ɗaya ba.

Shekaru suka shuɗe, idon tsohuwa ya fara hazo. Wata rana ayarin gishiri ya sauka a birni, wani bafatake mai ɗingishi ya tsaya a ƙofarta ya roƙi ruwa. Ita da kanta ta miƙa masa ƙwarya. Ya karɓa da hagu.

Ta daɗe ba ta saki ƙwaryar ba. Sannan ta ce, "Baƙo, da dama ake karɓa."

"Haka uwata ta yi ta faɗa mini," in ji shi. "Allah ya ji ƙanta."

Ya sha, ya ajiye ƙwaryar, ya bi ayarinsa. Ba ta kira shi ba, shi ma bai waiwayo ba. An ce daga ranar ba ta sake fitowa ƙofar nan ba, kuma ba ta ga kakar shekarar ba.

Masu tarihin fada sun riƙe cewa Yarima ya mutu a mashigi, Auta ya daɗe kan gado cikin lafiya. Takobin yana rataye a ɗakin makamai, ana nuna wa baƙi da sunan Yarima. Mai shi na gaskiya, wani barde da shi ma yana da uwa, babu wanda ya tambaya.

Maza suna cewa da ƙarfe ake riƙe mulki. Su yi ta faɗa. Wannan gadon dai da bakin tsohuwa aka tokare shi, kuma ita ta biya, ba wanda ya zauna a kai ba. Ban ce ta yi daidai ba. Amma duk wadda za ta zage ta, ta fara haifar biyu, a miƙa mata takobi a ce ta zaɓa.