Ɗigon Da Ba Shi Da Zare

Ranar da Gilang ya fara aiki a wani kamfanin jigilar kaya a birnin Bandung, ya tarar da Rinrin tsaye gaban allo ta yi tagumi. Taswirar tsohuwar manhajar kamfanin take zanawa, don waɗanda suka rubuta ta duk sun watse, ba mai gane kanta. Kowane ɓangare ɗigo ne, da zare zuwa ga ɓangaren da ke kiransa. Gilang ya ce abin kamar taliyar da ta kwana. Ta harare shi, shi kuwa daga hararar nan bai ƙara samun kansa ba.

Kafin damina ta wuce ya zama Aa, ita ta zama Neng, kamar yadda masoya ke kiran juna a can.

"Neng, kin ci abinci, ko yau ma zare za ki ci?" haka yake rubuta mata.

Abah, mahaifinta, bai ga abin dariya ba. Shi Dadan yake so ta aura, ma'aikacin gwamnati mai kaki da fansho. Da ƙyar ya yarda cewa in kamfani ya tabbatar da Gilang a aiki kafin Sallah, a zo a yi magana.

A gefen taswirar akwai wani ɗigo shi kaɗai, babu zare ko ɗaya. Rinrin ta ce mataccen ɓangare ne, Gilang kuwa ya bi maganarta ya goge shi. Ashe kalanda ce ke tashinsa, sau ɗaya a shekara, ya sauya wa direbobi hanya idan an rufe tituna saboda masu tafiya gida Sallah. Motoci suka maƙale, kaya suka ruɓe.

A gaban manaja Gilang ya ce bai ma duba taswirar ba, gaban kansa ya yi. Aka sallame shi a ranar.

Daga nan ya daina kiran Rinrin, ya daina aiko mata saƙo. Rinrin ta ɗauka tsanarta ya yi, ta yi kuka har idonta ya ƙanƙance. Dadan kuwa kullum yana falon Abah da ledar lemo, har an fara zancen rana. Sai bayan Sallah saƙo ya shigo:

"Neng, ban cika sharaɗi ba. Ki bi maganar Abah. Ki riƙe aikinki da kyau."

Wata abokiyar aiki ce ta gaya mata abin da Gilang ya faɗa wa manaja. Ta je ta durƙusa gaban mahaifinta ta kwashe komai ta faɗa masa, cewa laifinta ne Gilang ya ɗauka, ta ce gobe za ta faɗa wa manaja ma. Ta kuwa faɗa. Ita ma aka sallame ta, shi kuma ba a mayar da shi ba. Duniya ba ta cika biyan mai gaskiya da wuri ba.

Bayan kwanaki Abah ya aika a kira Gilang.

"Ba ka da aiki, ka kuma yi ƙarya," ya ce. "Amma don 'yata ka yi. Fansho na nema mata don kada ta wulaƙanta bayan raina. Turo manyanka."

An ɗaura aure a ƙaramin masallacin unguwa, babu makaɗa, ango da amarya duk ba su da albashi. Ambu, mahaifiyarta, tana watsa musu shinkafa bisa al'ada tana share hawaye. Abah ya dafa kan Gilang, ya ce:

"Ban san me za ku ci ba, ɗana. Allah Ya ciyar da ku, Ya yi muku albarka."