Alawar Aljihun Baba

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a unguwar Gudu. Tun ranar da likita ya ce babanta, Malam Datti, yana da ciwon suga, ta naɗa kanta mai gadin bakinsa. Ba wanda ya sa ta. Ta ɓoye gwangwanin suga, ta hana shi lemo.

Ran nan tana rataye kaftaninsa sai ta ji abu a aljihu. Alawa! Haushi ya kama ta.

"Haba Baba! Da girmanka kana shan alawa a ɓoye?" ta ce a ranta.

Ta kwashe ta tas, ta ba ƙaninta Ammar. Da ta sake samun wata, ta sake kwashewa. Ba ta tambayi kowa ba. Ammar kuwa sai lasar baki yake.

Ranar Asabar Baba ya sha maganinsa, sai aka kira shi a waya. Masu sayen atamfa suna jira a shagonsa.

"Malam, ga ƙosai, ka ci mana," in ji Umma.

"Sai na dawo," ya ce. Ya fice, yarinyar ta bi shi kasuwa.

Wajen azahar gumi ya karyo wa Baba. Hannunsa ya kama rawa. Ya laluba aljihu, ya sake lalubawa.

"Ina alawata?" ya tambaya da ƙyar.

Sai yarinyar ta tuna ta ba Ammar alawar.

Felicity, mai sayar da lemo a shagon kusa, ta leƙo. "Oga Datti! Suga ne ya sauka!" Ta rugo da kwalbar lemo.

Yarinyar ta tare ta. "A'a, Anti! Likita ya hana shi!"

"Matsa mini, ke! Mamana ma tana da ciwon nan."

Baba ya sha. Can sai rawar ta tsaya, hankalinsa ya dawo.

Da Umma ta ji labari a gida, ta riƙe haɓa. "Oh ni! Ke likita ce? Wa ya aike ki aljihun babanki?"

"Na zaci yana karya doka ne," in ji yarinyar, tana hawaye.

Baba ya zaunar da ita kusa da shi. "Saurara. Jiki yana da wani sinadari, insulin. Shi ke kwashe suga daga jini ya kai inda ake buƙata. Nawa jikin ya daina jin maganarsa. Akwai gado, ga ƙiba, ga yawan zama a shago. Shi ya sa nake shan magani. Amma irin maganina, in na sha ban ci abinci ba, sugan ya kan sauka ya wuce kima. Likita ne ya ce kar in rabu da alawa saboda irin wannan rana."

"Kai ma Malam, da laifinka," in ji Umma. "Mutum ya sha magani ya fita da yunwa!"

"Na amsa," ya ce yana dariya.

Yarinyar ta share hawaye. "Baba, ka yafe mini. Na so in taimake ka ne."

"Na sani, kuma na yafe. Amma son mutum kaɗai ba ya isa a kula da mara lafiya. In kin ga abin da ba ki gane ba, ki tambaya kafin ki taɓa."

"To Baba, yaushe za ka koma asibiti? Ka tafi da ni. Ina da tambayoyi da yawa."